Kiɗan rawa, kalmomin kewa

Malam, ka tambaya ko aibi ne faifan farko na wata ƙungiyar matasan mawaƙa masu zaman kansu a Yamai, wanda ka ji cikin tasi, ya zo da kiɗan rawa alhali kalmominsa na kewa ne da rabuwa. Ba aibi ba ne, domin waƙoƙin faifan farko yawanci shekaru ake yi ana tara su kafin a sami kuɗin shiga situdiyo, wata an tsara ta a filin biki, wata kuma a daren da aboki ya kama hanyar ci-rani zuwa Libiya. Salon jitar Abzinawa ma, wanda matasa da dama suke koyi da shi, sunansa asuf, wato kewa a harshen Tamajak, ga shi kuwa da shi ake cashewa a bukukuwan Agadas.

Sai dai da sharaɗi, wato murya ta fito sarai. Na taɓa kallon wata ƙungiya a Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda da ke Yamai, kalangu da jita suna gudu, mawaƙin ya sassauta murya a kan baitin mahaifiyarsa da ya baro a Tawa, wata mata kusa da ni tana rawa tana share ido da gefen mayafi. Da faifansu ya fito, ganga ta danne muryar, baitin ya ɓace, rawar kaɗai ta rage. Saboda haka kada ka yanke hukunci daga abin da ka ji cikin tasi. Ka sake saurare da dare, da abin sawa a kunne.