Kasuwarmu ta fi tara haraji, me ya sa kasonmu bai fi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a wata ƙaramar hukuma a Kebbi. Ranar kasuwa tun asuba ake yanka mana rasit, amma hanyar shiga kasuwar ta mutu, magudanar ruwa ta toshe, maƙwabtanmu da ba su tara rabin abin da muke tarawa kuwa an yi musu titi. Mun ji Kotun Ƙoli ta ce kowace ƙaramar hukuma ta riƙe kuɗinta. Muna shirin karo-karo mu kai jiha kotu.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. A dakata da karo-karon nan tukuna, domin ina ganin an haɗa muku abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

Hukuncin da kuke magana a kai shi ne na ranar 11 ga Yuli, 2024. Abin da ya shafa shi ne kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya: kotu ta ce a tura musu kai tsaye, gwamnoni su daina riƙewa a asusun haɗin gwiwa, kuma kantomomin riƙo ba su da hurumin karɓa. A fahimtata, bai ce harajin da aka tara a gari ya koma garin ba. Wannan ƙa'ida ta fifita inda arziki ya fito tana sashe na 162(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, kashi 13 cikin ɗari ne, a kan albarkatun ƙasa irin su man fetur. Buhun albasa da shanu ba su shiga ciki ba.

Ko kuɗin Abujan ma ba a raba su bisa wa ya fi kasuwa. Ƙananan hukumomi duka na samun kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ma'aunin rabon kuma ya fi karkata ga daidaito (kashi 40) da yawan jama'a (kashi 30). Ƙoƙarin tara kuɗin shiga kashi 10 kacal gare shi. Kuna iya ganin hakan ba adalci ba ne, ni ma ba zan yi muku gardama sosai ba, amma rashin gamsuwa da doka daban, karya doka daban, kuma batun karya dokar alƙali yake saurare.

Inda wataƙila kuke da magana shi ne harajin da jiha ke tarawa da kanta. Sashe na 162(7) ya wajabta mata ba ƙananan hukumominta wani kaso, dokar tarayya ta sa shi kashi 10. Yadda za a raba tsakanin ƙananan hukumomi 21 ɗin da ke Kebbi kuwa, sashe na 162(8) ya bar wa Majalisar Dokokin Jiha. Don haka tambayar da ya kamata ku yi ita ce: ana biyan wannan kaso, kuma ana bin ma'aunin da majalisa ta shimfiɗa?

Kafin nan ma, ku duba rasit ɗin. Sunan wa ke kai? Kasuwa da tashar mota da kwata aikin ƙaramar hukuma ne a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki, kuma galibi ita ke karɓar kuɗinsu, sai kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta wajen ginawa. Idan hatimin ƙaramar hukumarku ne, to mai amsa tambayarku yana sakatariya, ba sai kun je Birnin Kebbi ba. Idan kuwa babu hatimin kowa, wannan wata magana ce daban.

Kotu a buɗe take, ban hana ku ba. Sai dai abu na farko da lauyan gwamnati zai ɗaga shi ne ƙungiyarku ba ta da hurumin ƙara a kan kuɗin da doka ta ce na majalisar ƙaramar hukuma ne, kuma mai yiwuwa ya yi nasara. Ga sanarwar da ake bayarwa kafin ƙara, ga ɗage zama. Damina uku na iya wucewa ba a taɓa gundarin magana ba.

Da ni ne, zan fara da wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a nemi alkaluman abin da aka tara a kasuwar da abin da aka turo. Kwana 7 doka ta ba su. Za a ce muku mai sa hannu ya yi tafiya, mun saba ji. Ku dai tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinku. Daga nan sai takardar koke ta hannun ɗan majalisarku, sannan a nemi zama da shugaban ƙaramar hukuma, hakimi na tsakiya, a rubuta abin da aka amince a kan hanyar da magudanar, da wata da rana.

Kada ku ce wa mutanenku su daina biya, nan take za ku koma masu laifi. Ku tara rasit na wata shida, kowane iri, ku kai wa lauya ya duba kafin ku sa hannu a komai.