Tambayi Likita: Fata da Wahalar Tafiya

Tambayoyin wannan karon duk daga matafiya suka fito: mai shirin sauke farali, ɗalibar da ta je karatu ƙasar sanyi, direban babbar mota, da wasu biyu. Na haɗa su wuri guda domin da zarar mutum ya bar gida, ruwan wanka ya canza, iska ta canza, shimfiɗa ma ba tasa ba ce, kuma fata ce ke fara nunawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 58, ina da ciwon suga, kuma bana Allah ya nufe ni da zuwa aikin Hajji. Yayana da ya je a 2024 ya dawo cinyoyinsa duk sun sale, ga ƙuna a tafin ƙafa da ta daɗe ba ta warke ba. Me zan yi kada hakan ta same ni? Daga Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Shekarar da yayanka ya je, aikin ya faɗo a watan Yuni, zafi a Makka ya haura digiri 50, har mutum fiye da 1,300 suka rasu. Ba laifinsa ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Salewar cinya ta fi kama maza, domin a cikin harami babu wando, ga gumi, ga doguwar tafiya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa a Mina. Abin da ke hana ta shi ne a wanke matsematsi, a tsane shi sosai, sannan a shafa basilin marar ƙamshi ko man zinc oxide irin wanda ake shafa wa jarirai, tun kafin a fita. Akwai bayanin malamai a kan shafa mai cikin harami, musamman a mazhabar Malikiyya, don haka ka kai wannan tambayar gaban malamin bita tun kana gida, ka faɗa masa lalura ce. Ka kuma tafi da harami fiye da ɗaya domin ka canza idan ya jiƙe da gumi.

Amma ni ƙafarka ta fi damuna. Suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, sai mutum ya taka abin da ke ƙona shi bai sani ba. Yadda abin yake faruwa kusan kullum iri ɗaya ne: alhaji ya fito daga masallaci bai ga silifas ɗinsa ba, sai ya ce bari ya lallaɓa zuwa masauki haka nan. Daɓen farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi sosai, shi ke yaudarar mutane. Kwaltar waje kuwa cikin 'yan mintoci take tayar da bororo. Ka riƙa saka takalminka a jakar rataye kana shiga da shi, ka kuma ajiye na biyu a ciki. Kada ka sayi sabon takalmi ana gobe tashi. Ka saye shi da wuri ka yi makonni kana yawo da shi. Kowane dare ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ba ka iya gani abokin ɗakinka ya duba maka. Ka tsane tsakanin yatsun bayan alwala saboda cin ruwa, ka shafa mai a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. In bororo ya fito, kada ka fasa shi, ka nufi asibitin alhazai a ranar.

Lema kuma dole ce. Ranar aski ka je wurin masu askin da hukuma ta ba izini, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Rezar da ta bi kan mutum goma a bakin titi hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C, har da ƙanjamau.

Tambaya: Likita, na zo karatu Ingila a watan Satumba. Tun da sanyi ya shiga jikina ke ƙaiƙayi, ƙwaurina ya yi furu-furu har yana tsagewa. Ina wanka sau biyu da ruwan zafi da soso, ina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan, amma abin sai ƙaruwa yake. Ko ruwansu ne bai karɓe ni ba? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yata, ruwan yana da ɗan nasa laifin, domin a Landan da kudancin ƙasar ruwan famfo yana da yawan sinadarin alli. Amma babban laifin na wankan ne. Iskar waje busasshiya ce, na'urar ɗumama ɗaki ta ƙara busar da ta ciki, ke kuma kin zo da ruwan zafi da soso da magani kina kankare ɗan maiƙon da ya rage wa fatar. Ƙaiƙayin nan ba datti ba ne, bushewa ce, irin ta hunturu sai dai ta fi ta tsawo.

Ki koma wanka sau ɗaya a rana da ruwan ɗumi, kada ya wuce minti 10. Ki ajiye soson, ki daina zuba komai a ruwa. Sabulu marar ƙamshi, shi ma a hammata da matsematsi da ƙafa ya wadatar. Idan kin fito kada ki goge jiki ƙarƙaf. Ki ɗan tsane, ki shafa mai nan take jikin yana da danshi. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, murfi ne kawai da ke riƙe wanda ke ciki, shi ya sa shafa shi a busasshen jiki bayan awa guda bai kai shafa shi nan take amfani ba. Man da ke tsiyaya kamar madara bai isa wannan sanyin ba. Ki nemi mai kauri na gwangwani, ko basilin, ko man kaɗanya idan kin taho da shi, safe da dare. Ki sa rigar auduga a ciki kafin rigar sanyi ta ulu, domin ulu a kan fata kai tsaye yana tayar da ƙaiƙayi.

Idan bayan mako 2 bai lafa ba, ko wurin ya fara ruwa ko ɓawo mai launin zuma, ki ga likitan da kika yi rajista da shi. Tun da muna maganar ƙasar da rana ke wuya: hukumomin lafiyarsu suna ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a kullum, duk shekara.

Tambaya: Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas. Ina kwana a masaukai daban-daban a hanya. Yau kusan wata guda ina fama da ƙaiƙayi da dare, yanzu maiɗakina da yaranmu biyu su ma sun fara susa. Mai kemis ya ba ni wani mai na bututu, in na shafa ya lafa, in na bari ya dawo.

Amsa: Malam, abu biyu matafiyi ke kwasowa daga shimfiɗar masauki, kuɗin cizo da ƙazuwa, kuma ba a yi musu magani iri ɗaya. Kuɗin cizo yana cizon inda tufafi bai rufe ba, wuya da hannu da fuska, sau da yawa cizo uku ko huɗu a jere. Ba ya zama a jikin mutum. A ɗinkin katifa da tsagar gado yake ɓuya, ya kuma biyo ka gida a cikin jaka. Ƙazuwa kuwa wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ke shiga cikin fatar ta yi ƙwai. Tana son tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da al'aura, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma takan yi mako 4 zuwa 6 a jiki kafin a fara susa. Yadda ka bayyana naka, da yadda ya bi iyalinka, ya fi kama da ƙazuwa, amma a je asibiti a duba.

In ita ce, maganinta man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan benzyl benzoate. Permethrin ana shafa shi daga wuya har yatsun ƙafa, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 12, a wanke, a maimaita bayan mako guda. Kowa a gidan zai shafa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Idan akwai jariri ko mai ciki, likita ya faɗi wanda ya dace da su. Zannuwan gado da tufafi a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda mako guda, har da bargon da ke cikin motarka. Ƙaiƙayin na iya ɗaukar makonni bayan an kashe ƙwayar, wannan ba ya nufin maganin bai ci ba.

Man kemis ɗin nan ka ajiye shi. Galibinsu haɗi ne mai sinadarin sitiroyid, yana kwantar da ƙaiƙayi yana barin cutar tana yaɗuwa a ƙarƙashi. Haka yake yi wa makero. Ban san wani magani da ya fi shi ɓata mana aiki a ɗakin duba masu ciwon fata ba.

Tambaya: Likita, ina shafa man ƙara haske shekara uku. Zan tafi Dubai saro kaya, kuma duk lokacin da na shiga rana fuskata zafi take yi ta yi ja. In daina ne kafin tafiyar?

Amsa: Hajiya, ina so ki daina, amma ba dare ɗaya ba, kuma ba a bakin tafiya ba. Yawancin waɗannan mayukan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol, ko hydroquinone, wasu har da zaiba mai lalata ƙoda. Sun sirantar da fatarki sun kuma rage launin da ke kare ta daga rana, shi ne zafin da kike ji. Wadda ta daɗe tana shafa sitiroyid in ta yanke shi kwatsam, fuska kan yi ja ta feso da ƙuraje, sai ta tsorata ta koma masa. Ki ɗauki kwalaben duka ki kai wa likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye a hankali. Kafin nan ki nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, ki shafa a fuska da wuya da bayan hannu, ki sabunta duk awa 2 in kina waje. Kuma don Allah kada ki gwada sabon mai daga kasuwar can a kan wannan fuskar. Kwalbar da za ki shiga jirgi da ita a jakar hannu kada ta wuce mililita 100.

Tambaya: An tura ni bautar ƙasa Kuros Riba. Wani maruru ya fito min a baya, ina jin kamar abu na motsi a ciki. Abokaina sun ce jifa ne.

Amsa: Ba jifa ba ne, ɗana, mai yiwuwa tsutsar wani ƙuda ce da ake kira tumbu. Yana yin ƙwai a ƙasa mai yashi da fitsari ko kashi ya ɓata, ko a kan wankin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsar ta shige fata in an sa rigar. Za ka ga ɗan rami a tsakiyar ƙurjin, ta nan take numfashi. A toshe ramin da basilin mai kauri, za ta leƙo neman iska, sai ma'aikacin lafiya ya zaro ta ɗungurungum ya wanke wurin. Kada a matse da ƙarfi ta fashe a ciki. Daga yau ka shanya wanki a igiya cikin rana, ka kuma goge komai ciki da waje da dutsen guga mai zafi, har singileti da gajeren wando da zanen gado.