Shafin Gareji: Fanka Ta Ƙi Tashi, A Haɗa Ta Dairek?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da bazara ta kama, tambayoyin da ke shigo wa wannan shafi sun koma kan abu guda: mota na zafi, fankar lagireto na wasa da hankalin mai ita. Aikina wayarin mota ne, don haka ta ɓangaren wuta zan amsa. Gargaɗi ɗaya kafin mu fara: fankar lantarki tana iya tashi ko da makulli na aljihunka, kada ka zura hannu sai ka cire kan batir. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi.

Tambaya: Oga, ina haya da Golf 3 tsakanin Kano da Wudil. In ina gudu allurar zafi tana zaune daram a tsakiya, amma da na shiga cunkoson Hotoro sai ta fara hawa har ruwa ya tafasa. Na ɗaga bonet na tarar fanka a tsaye. Bakanikena ya ce a haɗa ta dairek, wato a ba ta wuta kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a cire tamosta, ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, kowa ya huta. Me ka gani?
Direban haya, Wudil

Amsa: Ɗan'uwa, bayaninka ya rage mini rabin aiki. Motar da ke sanyi a kan gudu ta yi zafi a cunkoso, yawanci lagiretonta da famfon ruwanta lafiya suke. Iskar hanya ce ke yi mata aikin fanka, da ka tsaya sai asiri ya tonu. To saura a gano inda wutar ta yanke, kuma hanyar ba ta da tsawo: daga batir zuwa fis, daga fis zuwa suwici ko rile (ɗan akwatin da ke haɗa babbar wuta ya kuma yanke ta), daga nan zuwa moton fanka, sannan wayar at, wato wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, da ke ɗaure a jikin bodi.

Da safe kafin ka ta da mota, duba ruwa tukuna. Mutane na raina wannan. A Golf 3 suwicin fanka a ɗaure yake a gefen lagireto, kuma zafin ruwan da ya taɓa shi yake ji. Idan ruwa ya sauka ƙasa da inda yake, inji na can yana dahuwa, shi kuwa bai san ana yi ba. An sha canza suwici mai lafiya saboda tiyo da ke yoyo.

In ruwa a cike yake, a je kan moton. A zare soket ɗinsa, a ba shi wuta daga batir da waya mai fis a tsakani. Ya juya da ƙarfi? To ka cire shi daga zargi. In ya yi shiru, a ɗan ƙwanƙwasa bayansa da hannun sukundireba. Idan ya zabura ya fara juyawa, kabon ɗin ciki, ɗan gawayin da ke kai wuta ga ƙarfen da ke juyawa, shi ne ya cinye. Kada ka ce ai ta tashi ka kama hanya, gobe a tsakiyar cunkoso za ta sake kwantawa, kuma ba ka da yaron da zai zauna cikin bonet yana ƙwanƙwasa maka.

Daga nan sai fis. Ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai wanda yake tsagewa siriri ba a gani. A sa fitilar gwaji, ta kama a ƙafafunsa biyu. In motarka mai AC ce, akwai akwatin sarrafa fanka a cikin bonet da nasa fis ɗin daban, shi ma a leƙa shi.

Sai babban gwajin. Suwicin nan na lagireto ƙafa uku gare shi, saboda fankar gudu biyu take yi: ƙaramin gudu yana kamawa in ruwa ya kai wajen digiri 95, babban kuma wajen 102. A zare soket ɗin, a nemo wayar da ke ɗauke da wuta, a haɗa ta da ɗaya daga cikin sauran biyun da guntuwar waya, sannan a gwada ɗayar. In fanka ta yi gudu biyun duka, suwicin ne ya mutu, kuma kuɗinsa bai kai na gaskit ba, balle na gyaran kan inji da ya lanƙwashe. In babban gudu kaɗai ya zo, rezistan da ke jikin moton, mai rage wuta don a samu ƙaramin gudu, shi ne ya ƙone. Irin wannan ita ce motar da mai ita zai rantse maka fankarsa na aiki, alhali ba ta tashi sai allura ta kusa ja. In kuwa babu ko ɗaya, kuma fis da moto lafiya, a bi waya. Ni na fi fara duba wayar at, domin tsatsa a ƙarƙashin noti ɗaya ta isa ta hana fanka motsi. A kwance, a kankare da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau.

Yanzu batun dairek. Na san kusan kowane gareji ana yi, na kuma san dalilin: minti goma an gama, mai mota ya ji fanka na ruri ya biya yana murna. Amma ni a wurina gyaran gangar Auzinawa ne. An ƙera moton ne ya yi aiki ya huta. In ka sa shi juyawa daga asuba zuwa isha, kabon da zai yi shekaru sai ya ƙare da wuri, altaneta kuma na ɗauke da kayan da ba dole ba. Sau da yawa wayar da ake jawowa siririya ce, ba fis, an murɗa ta da hannu an naɗe da salatif kusa da inji mai zafi. Gobarar mota daga irin nan take farawa, Allah Ya kiyaye. Cire tamosta kuma ƙari ne a kan ɓarna. Injin yana son ya zauna wajen digiri 90. Da sanyin hunturu, ba tamosta ga fanka na bugawa, za ka kai Wudil bai gama ɗumi ba, mai kuma yana ta tafiya a banza. Kai da ke lissafin kowace lita, wannan asara daga aljihunka take fita. In ta kama ka a daji da dare, a haɗa dairek da fis ka isa gida, ban hana ba. Washegari a warware a nemi ainihin ciwon.

Tambaya: Malam, fis ɗin fankar Corolla ɗina ya ƙone sau uku a mako guda. Mai wayarin ya ce fis ɗin yanzu ba su da ƙarko, ya naɗa wayar tagulla a gurbinsa. Ya halatta?
Ɗalibi, Zariya

Amsa: Ƙanena, koma ka sa ya cire ta yau ɗin nan. Fis maigadi ne, ya ga ɓarawo ya yi ihu sau uku, ku kuma kuka sallami maigadin. Lambar da ke rubuce a murfin akwatin fis, 30 ce ko 40, ita za a mayar, ba wadda ta fi ta ba.

Lura da lokacin da yake ƙonewa. In da an soka shi, ko kuma da zarar an murɗa makulli, yake fashewa nan take, waya ce ta goge a wani wuri tana taɓa bodi, galibi inda ta ratsa gefen lagireto ko inda aka taɓa yin aikin fanal bita. In kuwa sai fanka ta zo tashi yake ƙonewa, moton ne ke jan wuta fiye da ƙima. Cire kan batir ka juya fiffiken da yatsa. Ya kamata ya tafi sumul. In ka ji tauri ko ƙarar gurzawa, duba bayan fiffiken da tocila. A garuruwanmu leda ce ta fi yin wannan aika-aika, tana naɗewa a ƙarfen tsakiya ta narke ta ƙame. In ba leda, to moton ya gaji. Za ka sayi na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ka sa a gwada maka a kan batir a gabanka kafin kuɗi ya bar hannunka, ka kuma duba soket ɗinsa bai narke ba.

Tambaya: Ina gaisuwa. Motata Peugeot 406 ce. Da na kunna ta da sassafe fanka ke tashi da ƙarfi kamar za ta tashi sama. Shekaranjiya kuma na kashe mota ta ci gaba da juyawa, da safe na tarar batir ya mutu.
Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

Amsa: Hajiya, ina amsawa. Fanka ta ci gaba da juyawa na 'yan mintoci bayan an kashe mota mai zafi ba laifi ba ne, haka aka tsara motoci da yawa. Amma wadda ta kwana tana yi har ta shanye batir, wannan rile ne ya manne. Ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu ko biyar. In aka juya shi za a ga lambobi: 85 da 86 su ne ke karɓar umarni, 30 da 87 su ne ke wuce da babbar wuta. In cikinsa ya ƙone ya like, 30 da 87 sai su zauna a haɗe ko an kashe mota. A 406 rile ɗin fanka suna gaba, jikin gidan fankar, inda ruwan sama da na masu wankin mota ke samunsu. A buɗe, za a iya tarar da ƙafafun sun yi kore.

Tashinta da ƙarfi tun inji na sanyi kuma, fara tabbatar AC a kashe take, domin ita ma tana kiran fanka. In a kashe take, to sensan zafin ruwa ne, wato abin da ke auna zafin, ko soket ɗinsa. Idan na'urar da ke sarrafa fanka ta daina jin sensan, sai ta saki fankar gaba ɗaya don kada inji ya ƙone a ɓoye. Ki kuma tambayi wanda ya taɓa motar a baya ko ya yi mata dairek bai gaya miki ba. Kafin ki samu zuwa gareji, a riƙa cire kan batir da dare.

Tambaya: An canza mini fanka sabuwa, tana juyawa sosai, amma zafin ya ƙaru. Asiri ne?
Wani Alhaji, Maraɗi

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya, ba asiri ba ne. Mai yiwuwa an juya wayoyin biyu, fanka na tura iska waje maimakon ta jawo ta ciki. Mota na tsaye, fanka na aiki, a sa takarda a gaban lagireto. In ta manne, daidai ne. In ta tunkuɗo ta, a musanya wayoyin. Wannan ga tsohon moto mai waya biyu nake magana. In motarka ta zamani ce, mai ƙaramar na'ura a jikin fankar da siririyar waya ta uku da ke zuwa daga ƙwaƙwalwar mota, kada kowa ya jona wa wannan siririyar wutar batir da sunan gwaji. A kai ta wurin mai kwamfutar duba mota.