Wa zai tsaya wa Baba a gaban likitoci?

'Yar'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya wa za ku zaɓa wakilinsa a sashen kulawa ta musamman tunda yana kan na'urar numfashi baya magana. Ni dai a ganina ba lallai sai babban ɗa ba, ku duba wanda Baba ya saba faɗa wa cikinsa, mai ɗaga waya ko tsakar dare, don aikinsa faɗin abin da Baba zai so ne, ba son ransa ba. Mutum ɗaya, kar kowa ya dinga tare likita a ƙofa. Sannan a gefen gado ku daina "wannan" ko "mara lafiyan", ku kira shi Baba, wasu suna ji ko an ba su maganin barci.