Tambaya da Amsa: Gulokisiniyata ta fara bushewa bayan ta gama fure

Tambaya: Ina da gulokisiniya a tukunya, mai ganye kamar karammiski da jan fure mai siffar ƙararrawa. Ta yi kusan wata biyu tana fure, sai ganyen ya fara yin rawaya yana zubewa. Na ƙara mata ruwa amma ba ta farfaɗo ba. Ta mutu ke nan? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Malama, ba ta mutu ba, hutu za ta shiga, kuma ruwan da kike ƙarawa shi ne zai iya kashe ta. Wannan shuka, Sinningia speciosa, asalinta daga Brazil ne, kuma tana da gindi a ƙasa kamar ƙaramin dankali inda take ajiye abincinta. Idan ta gama fure sai ta janye ƙarfinta zuwa gindin, ganye ya bushe. Ƙasa mai jiƙa a wannan lokaci tana ruɓar da gindin.

Ki rage ruwa a hankali har ki daina gaba ɗaya. Ki yanke busasshen ganyen, ki ajiye tukunyar a wuri mai duhu da ɗan sanyi na wata biyu zuwa uku. Sanyin hunturun Jos ya dace da wannan hutu. Ki taɓa gindin da yatsa: in yana da tauri, lafiya lau, in ya yi laushi yana wari, ya lalace.

Da kin ga ƙananan tsiro sun leƙo, ki sake dasawa a tukunya mai faɗin santimita 12 zuwa 15, mai huji a ƙasa. Ki haɗa ruɓaɓɓen ganye kashi biyu da yashi mai manyan ƙwayoyi kashi ɗaya. Ɓangaren gindin da ke da ɗan rami shi ne sama, kuma kada ki binne shi da zurfi, ya tsaya daidai da saman ƙasa.

Wajen ban ruwa, ki zuba a faranti ƙarƙashin tukunyar, bayan minti 20 ki zubar da ragowar. Ruwa a kan ganyen mai gashi yana barin tabo, a tsakiyar shukar kuma yana kawo ruɓa. Ki ajiye ta kusa da taga mai haske inda ranar tsaka ba ta dukanta, ki ba ta takin ruwa rabin ƙarfi duk mako biyu. In ƙwayoyin fure suna bushewa kafin su buɗe, iska ce ta bushe da yawa. Ki ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, yadda gindin tukunyar ba zai taɓa ruwan ba.