Haya, Adireshi da Makarantar Yara a Amurka: Amsoshin Tambayoyinku

Wani magidanci daga jihar Teksas yana tambaya ko ya dace ya koma gida mai tsadar haya saboda dillali ya ce makarantar unguwar ta fi kyau.

Malam, kada ka sa hannu a takardar haya bisa maganar dillali kaɗai. Amurka tana da gundumomin makarantun gwamnati fiye da 13,000, kuma adireshin gida ne yake yanke makarantar da yaro zai shiga, har ma titi ɗaya yakan raba maƙwabta zuwa gundumomi biyu. Ka kira ofishin gundumar, ka ba su adireshin, su tabbatar maka. Ka kuma sani cewa hukumar makarantu, wadda galibi mazauna yankin ne suke zaɓen 'yan kwamitinta, tana iya sake shata iyaka bayan ka tare. Harajin gidaje ne ginshiƙin kuɗin da yanki yake zubawa a makarantunsa, shi ya sa unguwar masu hali take da makaranta mai kayan aiki, amma makin ingancin makarantu da shafukan sayar da gidaje suke nunawa ba ya gaya maka yadda malami zai kula da ɗanka.

Wata baiwar Allah ta rubuto cikin damuwa cewa takardunta na zama ba su kammala ba, 'yarta kuma ba ta jin Turanci.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa, kuma wajibi ne gunduma ta taimaki yaron da bai iya Turanci ba. Ki tafi da shaidar wurin zama da katin rigakafi, ki nemi tafinta, ki kuma cika takardar neman abincin rana kyauta ko mai rangwame.

Wani kuma yana so ya biya abokinsa kuɗi ya ara masa adireshi domin 'ya'yansa su shiga makarantar wata gunduma.

Wannan tambaya tana ɓata mini rai, domin ta yawaita. Abin da kake shirin saye ƙarya ce a rubuce, da sa hannunka a ƙasa. Wasu gundumomi suna ɗaukar masu bincike su bi yara su ga gidan da suke kwana, kuma idan asiri ya tonu ana korar yaron a tsakiyar zango, a nemi iyaye su biya kuɗin karatun da ya yi. A 2011 an ɗaure wata uwa a jihar Ohayo na 'yan kwanaki saboda ta yi wa 'ya'yanta rajista da adireshin mahaifinta. Baƙo da yake jiran takardun zama shi ya fi kowa asara idan irin wannan laifi ya shiga tarihinsa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da za a koya wa ɓoye sunan unguwarsu a gaban malaminsa kullum. Jihohi da dama suna da tsarin neman canjin makaranta bisa ƙa'ida, akwai kuma makarantun cata (charter), wato waɗanda gwamnati take biyan kuɗinsu amma ƙungiyoyi masu zaman kansu suke gudanarwa, da ake shiga kyauta, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a. Ka bi wannan hanya, ka riƙe kuɗinka.

Ga mai tambayar ko ta saya wa ɗanta ɗan aji 3 kwamfuta kafin a koma hutu: Hajiya, ki dakata. Gundumomi da yawa suna ba ɗalibai aron ƙaramar kwamfuta da ake kira Chromebook, kuma makaranta za ta aiko da jerin kayan da ake buƙata.