Ba tamfon ne ya jawo miki endometiriyosis ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko tamfon, audugar al'ada da ake cusawa ciki, shi ya jawo miki endometiriyosis. A'a, babu hujjar likitanci da ta tabbatar da haka. Ciwon yana samuwa ne idan nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, kamar kan gidan ƙwan mace, sai ya riƙa kumbura duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da shi. Yana kama har waɗanda tsumma kawai suka sani tun balagarsu. Shi tamfon a ƙasan bakin mahaifa yake zama, jini kawai yake tsotsewa.

Babban sharaɗinsa: kada ya wuce awa 8 a jikinki, don barinsa ya daɗe na iya kawo zazzaɓi mai haɗari daga gubar ƙwayoyin cuta. Abin da na lura kuma, masu wannan ciwo sukan ji zafi wajen sa shi. In haka kike ji, ki koma audugar waje, ki ga likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko da hoton ciki ya fito lafiya, don ba kullum yake nuna ciwon ba.